Kuɗin Me Ne? Yadda Na Je Kaduna Don In Yi Tallar Motocin Amurka

Ranar da mutumin ya fara yi mini maganar kuɗi, ina zaune ne a kan ciyawa bayan atisaye, na cire takalmin gudu ina matsa tafin ƙafata. Watan Oktoba ne na 2023, sanyi ya soma shigowa garin da jami'armu take, wani ɗan ƙaramin gari a tsakiyar Amurka wanda in ka ɗebe makarantar da filin ƙwallonta, babu abin da ya rage sai gonakin masara. Na san fuskarsa. Dattijon Bature ne mai tumbi, kullum da hular hana-sallah mai launin makarantar, sunansa kuma yana rubuce da manyan baƙaƙe a saman ƙofar ɗakin ɗaga ƙarfe, don shi ya biya kuɗin ginin. Dillalin motoci ne. Irinsu ake kira busta, wato attajiran da yawancinsu a makarantar suka yi karatu, Allah ya buɗa musu, suka mayar da ƙungiyoyin wasanninta abin taƙamarsu. Kamar dai alhajin unguwa da ke ɗaukar nauyin kulob ɗin yara, ya saya musu jesi da ƙwallo, in sun ciyo kofi a kai masa har ƙofar gida.

Ya durƙusa kusa da ni da ƙyar, ya ce ya ga gudun da na yi a gasar watan Mayu, ya kuma ji cewa wasu makarantu sun fara zawarcina. Bai yi ƙarya ba. Na rage lokacina sosai a tseren mita 800 a shekarata ta farko, kuma tun da aka sassauta dokar canja makaranta a 2021, duk wanda ya ɗan yi fice sai ka ga ana masa raɗa a kunne. Ya ce, "Muna so ka zauna da mu. Zan sa yaran gidauniya su kira ka. Dala 4,000, ka ɗan yi mana hoto da bidiyo." Ya dafa kafaɗata ya wuce.

Nan take kaina ya shiga lissafi. A lokacin dala ta haura naira 1,000 a kasuwar bayan fage. Ɗan Tudun Wada ta Kaduna, wanda har ya bar gida a 2022 da takalmin aro yake gudu a filin wasa na Ahmadu Bello, yau ga shi an ce masa miliyan huɗu da ɗoriya saboda hoto. Tallafin karatun da nake kai ya ɗauke mini kuɗin makaranta da na ɗaki da abinci, amma ba zai gyara rufin ɗakin Umma da ke yoyo duk damina ba.

Da dare na gaya wa abokin ɗakina, wani baƙar fata ɗan Atlanta mai dogon tsalle. Ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce da a zamanin babansa ne, wannan maganar kaɗai ta isa a dakatar da ni, a kuma hukunta makarantar. A bakinsa na fara jin tarihin abin. Hukumar NCAA, wadda ke kula da wasannin jami'o'i tun 1906, ta shafe fiye da shekara ɗari tana cewa ɗan wasa ɗalibi ne kawai, sisin kwabo bai halatta ya karɓa da sunan wasansa ba. Ana cika filin da ke cin mutum dubu ɗari, ana sayar da jesi mai lambar yaro, gasar ƙwallon kwando ta watan Maris tana kawo wa hukumar kusan dala biliyan ɗaya a shekara, kocin Alabama na lokacin, Nick Saban, yana ɗaukar sama da dala miliyan 11, amma shi wanda aka zo kallo in ya karɓi wani abu ya yi laifi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ba wai ba a bayarwa ba ne, ana bayarwa, ta ƙarƙashin ƙasa. A 1987 an hana jami'ar SMU buga ƙwallon Amurka na shekara guda cur saboda bustocinta suna biyan 'yan wasa a ɓoye. Reggie Bush ya mayar da kofin Heisman, na gwarzon ɗan ƙwallon Amurka na jami'o'i, da ya ci a 2005 saboda abin da shi da iyayensa suka karɓa, sai a 2024 aka dawo masa da kayansa.

Wanda ya fara fasa ƙwan shi ne Ed O'Bannon, tsohon ɗan kwandon UCLA. Ya ga kansa a cikin wasan bidiyo, lambarsa, tsayinsa, har da jifansa na hagu, ba a nemi izininsa ba balle a biya shi, ya kai ƙara a 2009. Abin dariya, shi ma a lokacin a wani wurin sayar da motoci yake aiki a kusa da Las Vegas. A 2019 jihar Kalifoniya ta yi dokar da ta ba ɗalibai 'yancin karɓar kuɗin talla, wasu jihohi suka bi sahu. A watan Yuni na 2021 Kotun Ƙolin Amurka, alƙalai tara babu mai saɓani, ta kayar da NCAA a shari'ar Alston. Kwana goma bayan nan, ranar 1 ga Yuli, hukumar ta ɗaga hannu. Abin da ake kira NIL ke nan: sunanka da hotonka da kamanninka naka ne, kana iya sayarwa. Bustoci kuwa ba su yi wata-wata ba, suka kafa gidauniyoyin karo-karo da ake ce wa kolektif. A takarda ba na makaranta ba ne. A zahiri kowa ya san koci yana da jerin sunayen da ba ya so su suɓuce masa.

Washegari na tafi ofishin kiyaye ƙa'ida na sashen wasanni, don duk wata yarjejeniya dole a kai musu. Matar da ke wurin ta ba ni kujera, ta buɗe kwamfuta, ta ce, "To, kuɗin me ne?"

Ni da gaskiyata na ce, "Ya ce yana so in zauna a makarantar."

Ta ɗauke hannu daga kan kwamfutar ta dube ni. "Ban ji abin da ka ce ba. Sake faɗa."

Sai da ta bi da ni dalla-dalla na gane. Haramun ne a biya ka don ka zauna, ko don ka zo, ko don ka ci tsere, ko don ka buga wani lokaci. Dole kuɗin ya zama ladan wani aiki da ka yi, ka yi hoto, ka sa hannu a kan kaya, ka halarci taro, abin da za a iya nunawa. Ba zan sa rigar da ke ɗauke da tambarin makaranta ba, sai in kamfanin ya sayi izini daban. Ba caca, ba giya, ba taba, waɗanda dama ba su cikin lissafina. Ta koya mini yadda zan shigar da bayanin a manhajar da makarantar ke amfani da ita. Har na miƙe, sai idonta ya sauka a kan wani layi a fayil ɗina. Ta ce, "Tsaya. Bizar F-1 gare ka? To ba ni ce zan ba ka amsa ba. Ka je ofishin ɗaliban ƙasashen waje."

Can kuma wani mutum ne siriri mai tabarau, shi ne jami'in da gwamnati ta amince ya riƙa kula da takardunmu. Ya saurare ni har na gama, ya yi mini tambayar da aka yi mini minti ashirin da suka wuce, kalma da kalma. Wannan karon na zo da haddata. Na ce, "Aiki zan yi musu, su biya ni."

Ya jingina da kujera ya ce, "Kada ka kuskura."

Ya ce mai bizar F-1, wato bizar ɗalibai, an yarda ya yi aiki a cikin harabar makaranta, awa 20 a mako in ana zangon karatu. A waje kuwa sai aikin da ya shafi fannin da yake karantawa, shi ma da izini a rubuce. In na zauna a kan gadona na ɗora hoton hula a Instagram aka biya ni, a idon hukumar shige da fice na yi aiki ba bisa ƙa'ida ba. In hakan ta tabbata, shi da hannunsa zai rufe rajistata a SEVIS, tsarin gwamnati na rajistar ɗalibai baƙi, takardata ta I-20 mai shaidar ni ɗalibi ne ta mutu, karatu da gudu duk su tsaya. Na ce to me gwamnati ta ce game da irinmu 'yan wasa? Ya ce tun 2021 suka ce suna nazari.

Na fito na zauna a kan wani benci ina kallon ɗalibai suna wucewa da kekunansu. Wancan ofis ya ce in ba aiki ba ne, haramun ne. Wannan ofis ya ce in aiki ne, haramun ne. Gaba kura, baya sayaki. Kuma ba ni kaɗai ba ne, dubban 'yan ƙasashen waje ne ke wasa a jami'o'in Amurka, a ƙungiyarmu ma akwai 'yan Kenya da Jamaika da wata Bajamushiya, duk a rami ɗaya muke.

Ƙofofin da suka rage kaɗan ne. Akwai canja biza zuwa irin ta fitattun mutane ko ta ƙwararrun 'yan wasa, amma kuɗin lauyan kaɗai ya fi abin da aka yi mini tayi. Akwai ba da izini a yi amfani da hotonka kai kuma ba ka ɗaga ko yatsa ba, wanda lauyoyi da yawa ke ganin ba aiki ba ne, sai dai mutanen gidauniyar sun ce su bidiyo suke so. Sai ta ƙarshe, dokar bizar tana aiki ne muddin ƙafarka tana kan ƙasar Amurka. In ka fita, ka fita daga hannunta. Haka Oscar Tshiebwe, ɗan Kwango mai buga wa Kentucky kwando, ya yi a watan Agusta na 2022 da ƙungiyarsu ta je Bahamas. Cikin mako guda ya yi tallace-tallacen da jaridu suka ce sun kai wajen dala rabin miliyan. Ni ba Tshiebwe ba ne, ƙungiyarmu kuma ba ta zuwa ko'ina sai jihohin maƙwabta a motar bas. Amma ina da gida, kuma hutun Disamba na tafe.

Kwantiragin ya zo, shafi goma sha ɗaya. Na kai wa wata lauya a sashen koyar da shari'a da ke duba wa ɗalibai takardu kyauta. Ta ɗauki jan biro. Wuri na farko da ta zagaye shi ne inda aka ce suna da ikon amfani da hotona har abada, ta mayar da shi shekara ɗaya. Ta ƙara layin da ya ce duk aikin a wajen Amurka za a yi shi, da ranakun. Sannan ta nuna mini wani sakin layi a shafi na bakwai. Rabin kuɗin za a biya a Janairu, rabin kuma a Mayu, da sharaɗin har lokacin ina zaune a cikin gundumar da garin yake. Ba a ambaci makaranta ba, ba a ambaci gudu ba. To amma me zai zaunar da ɗan Kaduna a tsakiyar gonakin masara in ba makarantar ba? "Muna so ka zauna da mu" ɗin nan ce aka sa wa riga da wando.

Ta kuma gargaɗe ni kada in dogara da alkawarin baki. A farkon shekarar ne labarin Jaden Rashada ya cika gari, yaron da aka ruwaito an yi masa kwantiragin sama da dala miliyan 13 don ya je Florida, abin ya rushe tun kafin ya buga wasa ko ɗaya, daga baya ya garzaya kotu. In mai miliyan goma sha uku zai tashi a tutar babu, ina ga mai dubu huɗu.

Wanda ya fi ba ni wahala shi ne wani saurayi ma'aikacin gidauniyar. Duk wannan kai da komo ya ishe shi. Ya kira ni wata Juma'a ya ce, "Ka ga, kowa yana yi. Ka ɗora hoton kawai, wa zai sani?" Ba zan ɓoye ba, na ɗauki hular dillalin da suka aiko a kwali na tsaya gaban madubi. Abin da ya hana ni shi ne Yayana, da na kira shi a WhatsApp a daren. Ya bari na gama zuba, ya ce, "Auta, mu nan gida mun saba da yoyon nan, mun san inda ake sa bokiti. Kada ka ɓata rawarka da tsalle." Na mayar da hular cikin kwali.

Shirin tafiyar shi ma wani aiki ne. Mai tabarau ya sa mini hannun izinin tafiya a I-20. Bizata ta shekara biyu ce, tana da sauran rai har bazara. Koci ya ba ni kwana goma sha biyu rak, saboda gasar cikin rufaffen fili tana farawa a Janairu, ya kuma haɗa ni da jadawalin atisayen da zan bi kullum. Tikitin Disamba ya ci dala 1,700, aro na yi a wurin wani ɗan ƙasarmu da ke digiri na uku. Na cike fom ɗin haraji na W-8BEN, wanda ke nuna ni baƙo ne. Lauyar ta ce ko sa hannun ma kada in yi shi a Amurka. Saboda haka a filin jirgin Nnamdi Azikiwe na Abuja, bayan jami'in shige da fice ya buga mini hatimi, na raɓe gefe na ɗauki hoton hatimin, sannan na sa hannu da yatsa a kan waya, jakata a tsakanin ƙafafuna, masu tasi suna ta kirana.

Na hau jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa. Hunturu ya sauka sosai a shekarar, leɓena ya tsage tun kafin in isa gida.

Bayan sallar isha'i, an ci tuwo an gama barka da zuwa, Baba ya sa na kawo kwalin. Ya yi shekaru yana aiki a masaƙar Kakuri kafin a rufe ta, mutum ne da ba ya karɓar abu sai ya juya shi ya ga bayansa. Ya ɗaga hular yana karanta rubutun da ke jiki a hankali.

"Auta, ka ce talla ce?"

"Talla ce, Baba."

"Ta mota."

"E, Baba."

"Kai kana da mota a can?"

"A'a."

"Su waɗanda ke kallon hotunanka a waya, 'yan ina ne?"

Na ce yawancinsu 'yan nan ne, Kaduna da Zariya da Kano.

"To wane ne zai tashi daga Rigasa ya je can ya sayi mota?"

Umma ta tuntsire da dariya daga bakin ƙofa. Shi bai yi ba. Ya ajiye hular a kan tabarma ya ce, "Kuɗin me ne?"

Karo na uku ke nan da aka yi mini wannan tambayar, kuma nan ne kaɗai babu amsar da aka koya mini. Na kwashe komai na gaya masa, tun daga kan ciyawa har shafi na bakwai. Ya yi shiru, ya ce, "To ba talla ba ce, kuɗin riƙo ne. Kamar maigida ya ga maƙwabci yana zawarcin yaron shagonsa, ya ƙara masa wani abu. Ba ka cuci kowa ba, tunda da ƙafarka kake gudun. Ka yi musu abin da ka sa hannu a kai, ka yi shi da kyau. Amma kai dai ka san sunan abin da ka karɓa, ko da su ba za su faɗa ba."

Wani abokin Yaya mai ɗaukar bidiyon biki shi ya yi mana aikin. Da asuba muka je bakin filin Ahmadu Bello, ni da hula da farar riga mai sunan dillalin, sanyi yana kaɗa ni. Sun aiko da abin da zan faɗa da Turanci, wai in kana neman babbar mota mai ƙarfi kamar gudun mita ɗari biyun ƙarshe, ka je wurin abokaina. Na faɗa sau goma sha huɗu. Ɗaya mai keke Napep ya danna ham, ɗaya mai shayi ya ƙwala wa yaronsa kira, ɗaya yara suka taru a bayana suna ɗaga wa kyamara hannu suna cewa "Ɗan Amurka! Ɗan Amurka!" Mai bidiyon kuma ya saba da amare, sai ya riƙa ce mini in karkatar da kai in yi murmushi a hankali. Tsohon kocina, wanda ya fara riƙe mini agogo tun ina ɗan shekara goma sha huɗu, yana tsaye gefe da hannu a aljihu yana kallon ikon Allah. Da muka gama na ba shi takalman gudu ƙafa uku da na tattaro daga wurin abokan wasa. Bai ce komai ba, ya kira wani yaro siriri ya ce ya gwada ɗaya.

Da na tura bidiyon farko, saurayin gidauniyar ya rubuto yana tambaya ko gobara ake yi a garin. Na yi masa bayanin ƙurar hunturu. Abin mamaki, wanda keken ya gifta a ciki shi suka fi so.

Ɗorawar ita ce ta kusa sa ni kuka. Dole bidiyo uku da hotuna shida su hau shafina kafin in bar ƙasar, kowanne sai sun gani sun amince, ga bambancin awa bakwai a tsakaninmu, in na tashi suna barci, in sun tashi an ɗauke wuta. Kwana biyu na yi ina zuwa wani shagon kwamfuta mai janareta a bakin titi. Hoton ƙarshe a zauren jiran jirgi na ɗora shi a Abuja, saura minti arba'in a kira mu. Na ɗauki hoton fuskar wayar da lokacin a jiki, na haɗa da tikiti da hatiman fasfo a fayil ɗaya. Da na koma kuwa, ko amsa wa masu yaba hotunan ban yi ba, don mai tabarau ya ce in bar su yadda suke.

Kuɗin sun zo, amma ba yadda na lissafa a kan ciyawa ba. Akantan gidauniyar ya raba su biyu. Rabi ladan aikin da na yi a Najeriya, wannan bai taɓa ba. Rabi kuma kuɗin amfani da hotona a cikin Amurka, a nan ya cire kashi 30 cikin ɗari, saboda babu yarjejeniyar haraji tsakanin Najeriya da Amurka da za ta rage mini. Dala 600 ta tafi. Na biya bashin tikiti, na sallami mai bidiyo, abin da ya rage bai wuce 1,600 ba, shi ma sai da na jira Mayu ya cika. A watan Maris na shekarar da ta biyo baya fom ɗin 1042-S ya iso, na sake zama da takardun haraji. An dai gyara rufin kafin damina, na kuma ga Umma bayan wata goma sha shida, wanda ba ya shiga lissafi.

Abokin ɗakina kuwa, wata Asabar da rana ya je wurin motocin nan, ya zauna awa biyu yana sa hannu a kan hotuna, ya dawo da cek da ragowar fiza. Ban ji haushinsa ba, haƙƙinsa ne, kakanninsa sun yi wa ƙasar nan aikin da ba a biya su ba. Amma na ƙi cin fizar.

Da aka buɗe rajistar masu neman canja makaranta, ban sa sunana ba. Ina so in ce saboda koci ne, da abokai, da wahalar ɗauke takardun biza daga wata makaranta zuwa wata, kuma duk gaskiya ne. Rabin kuɗin Mayu ma yana ciki.

Daga nan abubuwa suka sake juyawa. Ranar 6 ga Yuni 2025 mai shari'a Claudia Wilken, wadda ita ce ta yanke hukuncin O'Bannon a 2014, ta amince da sasancin shari'ar House, mai ɗauke da sunan wani ɗan ninƙaya na jami'ar Arizona State. Za a biya tsofaffin 'yan wasa kusan dala biliyan 2.8 cikin shekara goma, makarantu kuma yanzu suna iya biyan 'yan wasansu kai tsaye, har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Kaso mafi tsoka na 'yan ƙwallon Amurka ne, sai 'yan kwando maza, mu 'yan tsere sai abin da ya zubo daga bakin akushi. Sasancin ya kuma ƙayyade yawan 'yan wasa, ƙungiyar tsere mutum 45. Tamu ta haura haka. Daga baya an yi sassauci ga waɗanda suka riga suna ciki, amma kafin nan wasu yara biyu da ke gudu ba tare da tallafi ba, don son abin kawai, sun riga sun kwashe kayansu daga loka. Gidauniyar da ta biya ni ta rufe ofis, aka ce bustoci su riƙa kai kuɗinsu sashen wasanni. Mu masu F-1 kuma sabuwar muhawara ta tashi a kanmu, shin kuɗin da makaranta za ta ba da albashi ne ko kuɗin hoto? Makarantu suka rarrabu, tamu ta ce mu dakata tukuna.

Akwai kuma sabon shinge. Duk yarjejeniyar da ta kai dala 600 sai an shigar da ita wani dandali mai suna NIL Go, wanda kamfanin Deloitte ke tafiyarwa, a duba ko akwai kasuwanci na gaskiya a bayanta, a kuma duba ko kuɗin sun yi daidai da darajar tallar. Da matar ofishin ƙa'ida take mana bayani a taron farkon zango, sai na tuna Baba da hula a hannu. Tambayarsa ce aka ɗora a kwamfuta, wa zai tashi daga Rigasa ya sayi mota?

A ƙarshen Agustan 2025 dattijon ya sake samuna a kan ciyawar, ya ce a maimaita irin ta bara waccan, har da ƙari. Na ce ba zan iya ba. Bizar da ke fasfona ta ƙare tun 2024. Zamana halal ne muddin I-20 ɗina tana raye, amma in na fita sai na sake neman sabuwa a Abuja ko Legas kafin in dawo, ga shi a watan Yuli Amurka ta mayar da yawancin bizar 'yan Najeriya ta wata uku, shiga ɗaya. Saura mini zango biyu in gama digiri. Ya ce to Kanada fa, ai ga ta nan kusa. Na ce nan ma mai koren fasfo sai da biza.

Ya girgiza kai ya ce lauyoyi sun lalata komai. Ya waiga hagu da dama, ya rage murya, ya ce a zamanin da ba a wannan wahalar, ambulan ce kawai, ba fom ba manhaja, kuma har yanzu akwai ambulan a ofishinsa. Na yi masa godiya na ce ina da atisayen ƙarfe ƙarfe huɗu. Na shiga ta ƙofar nan mai sunansa a sama.

Ranar Lahadi da na kira gida ta bidiyo, Baba ya dawo daga gona ke nan, yana wanke ƙafa a tsakar gida. Hular dillalin ce a kansa, rana ta cinye launinta, rubutun ya soma gogewa. Na ce, "Baba, har yanzu tana nan?" Ya taɓa bakinta ya ce tana tare rana sosai, in zan dawo in taho masa da wata.